Takalmin da na jefar a shara

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma wannan kam da shi za a binne ni.

A shekarun da jama'a ke ta kwararowa Yola gudun hijira, na yi aiki a wani gida a unguwar Bekaji inda ake kula da yaran da tashin hankalin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Ni ce mai kula da 'yan mata, suna ce mini Adda. Akwai nas, 'yar Numan, muna ce mata Sista. Likita kuwa sai ranar Alhamis.

Ni mace ce mai tsabta har da masifa. Dokata ɗaya: takalmi a bakin ƙofa. Sai aka kawo mana wata yarinya daga sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, shekararta sha biyu, da wasu tsofaffin takalman roba da suka yi mata yawa, tana jan su a kan simintin da na goge. Da su take cin abinci, da su take kwana. Sai za ta yi sallah take cirewa, ta ajiye a gefen darduma.

Sista ta ce, "Adda, ki ƙyale ta. Kwanan nan ta fara magana." Na ce a raina, wannan ai sangarta ce. Ranar wata Talata da la'asar, tana cikin sujada, na ɗauke su na jefa a shara, na ajiye mata sababbi fil. Wallahi ni a ganina alheri na yi.

Ta sallame, ta duba, ba ta yi kuka ba. Ƙarƙashin gado ta shige. Kwana biyu ko ruwa sai da ƙyar. Likita ya zo ya ce in ba ta ci abinci zuwa gobe ba, asibiti za a kai ta a kwantar da ita.

Sista ta ja ni kicin. Ta ce, "Abin da yaro ya faɗa wa likita ba a yaɗawa, amma yau sai kin ji. Ranar da suka gudu ƙafarta ba takalmi, ga ƙaya. Uwarta ce ta cire nata ta saka mata, ta ce yi gaba, ina zuwa. Ba ta zo ba."

Innalillahi! Rashin sani ya fi dare duhu. Ga shi mai kwasar shara ya riga ya kwashe. Na tari keke zuwa bolar da yake zubarwa, da rana tsaka, ni mai ƙyanƙyami, na yi ta tono da hannu. Ƙafa ɗaya na samu.

Na ɗauraye, na durƙusa na tura mata ƙarƙashin gado. Ta rungume shi. Can ta fito, ta sha kunu. Ba a kai ta asibiti ba. Amma da ta ajiye kofin ta dube ni, ta ce, "Adda, ɗayan fa?"

Har yau ban samo ɗayan ba. Tun daga ranar, in na ga yaro ya riƙe wani abu gam, ko da tsumma ne, sai na tambaya kafin in taɓa.