Zomon da Ke Cikin Rumbu

Jikata ta fari ta fi ni dabbobi. Ni akuya ɗaya gare ni, ita ma gurguwa. Ita kuwa tana da zomo, da giwa, da wani mai gajerun kunnuwa da har yau ban sani ba ko kura ne ko kare. Duk na tsumma ne cushe da auduga, ɗana, ubanta, ke tsinto mata cikin bosho, wato kayan gwanjo, a kasuwar Mallawa. Ni da aka kora daga lakwal, makarantar boko, tun ban iya rubuta sunana ba, sai ga ni makiyayin giwa.

"Miji, ka ba su ruwa?" haka take tare ni kullum.

"Amarya, ni kin ba ni fura ne?"

Zazzaɓin damina ya ɗauke ta muna bisa amalanke, ba mu kai asibitin Magaria ba.

Bayan sadakar bakwai tsohuwata, kakar yarinyar, ta rabar da tufafinta. Dabbobin ne ba mai so. Barinsu a ɗaki kuma bai yiwuwa, don 'yar fari ce: uwarta ko sunanta ba ta kira, balle a ga hawayenta. Haka muka gada. Ta ci gaba da daka, mutane suna yaba kunyarta.

Sai na zuba su a buhun taki, na rataye cikin rumbu, inda gara ba ta kaiwa, mace kuma ba ta leƙawa. Na ji ni mai wayo ne.

Wata rana na hau ɗauko dami, na tarar da bakin buhun da ɗaurin da ba nawa ba, irin na ƙullin daddawa. Zomo yana sama, alhali ƙasa na sa shi. Kunnensa da ya tsinke an ɗinke da baƙin zare. Gindin tsani ga sawun ƙafa, ƙarami.

A garinmu, suruka ta shiga rumbun maigida, ya isa a ce ta je gidansu tukuna. Na share sawun da takalmi.

Da hantsi surukar tawa tana tankaɗe, na zo ina dafe da ƙugu, ina nishi.

"Sannu, Baba," ta ce, ta durƙusa, ido a ƙasa.

"Ke yarinya, ƙugun nan ya gama yawo. Daga yau ke za ki riƙa hawa rumbu."

Tsohuwa ta ɗago kai. "Ba kai na gani jiya kana bin akuya da gudu ba?"

"Gudun ne ya ƙarasa ni."

"Mace cikin rumbu. Me mutane za su ce?"

"Su ce maigidan ya mutu a tsaye."

Tun daga nan ita ke hawa. Takan daɗe fiye da yadda dami ɗaya ke buƙata, ta sauko tana cewa ƙaiƙayi ya faɗa mata ido. Ba wanda ke tambaya. Ni kuwa dole na riƙi sanda ina ɗingishi a gaban jama'a, har masallaci. Yanzu ƙugun ya kama da gaske.