Shanun Da Na Ƙara Wa Ƙaho A Kabarin Masar

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne ɗan gidan malamai a Tambuwal, mai ji da hannunsa. Tun ina ƙarami nake zayyanar allo. Duk wanda allon saukarsa ya koɗe ni yake kawo wa, in bi layukan da sabuwar tawada, inda ya goge in cike da abin da ya dace. Yabo ya yi mini yawa har kaina ya fara rawa. Da na samu gurbin karatu a Masar, da alƙalumana na tafi.

A hutun shekara ta biyu, wani malaminmu da ya ga zanena ya haɗa ni da masu aikin adana kaburburan mutanen da, can kudancin ƙasar. Ɗakuna ne da aka fafe cikin dutse, na manyan ma'aikatan sarakunan wancan zamani, bango duk zane. Ranar da na fara shiga, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ga manoma suna huɗa, ga mata suna niƙa, ga masunta da komarsu, ga wani yana tatsa an ɗaure ɗan maraƙi kusa da uwar, sak yadda kawunnaina suke yi a ƙauyen Fakku. Na yi ta zagaya ɗakin ina dariya ni kaɗai kamar wanda ya ci karo da dangi a tasha.

Shugabar aikin, wata dattijuwa 'yar ƙasar da muke kira Dakta, ta ce aikina shi ne a lulluɓa leda mai haske a bango, ni kuma in bi duk layin da idona ya gani, inda ya ɓalle in bar shi fili. Na gyaɗa kai, amma kunnena kawai ya ji. Bangon da aka ba ni hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin, don an taɓa zama a ɗakin ana hura wuta. Kyamara ba ta kama komai, sai an haska fitila ta gefe ake ganin sawun sassaƙa. Gishiri kuma yana cin dutsen ta ciki. Ke nan in bangon ya zube, ledata ce kaɗai shaida.

Kwana uku ina fama, sai ga garken shanu ya fara fitowa ƙarƙashin hayaƙin, da makiyayi a bayansu. Murna kamar in yi tsalle. Sai dai wasu kawunan sun ɓalle, makiyayin ma daga ƙirji zuwa sama rabi da rabi ne. Raina ya ƙi barin irin wannan kyau da giɓi. Na ce ai ni na san shanu. Na ƙara musu ƙahoni irin na fararen shanunmu, na saɓa wa makiyayin sanda a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta. Abin ya zauna cas, kowa ya yaba, na koma makaranta ina ta hura hanci.

Bayan watanni aka kira ni. Wannan sashen bangon ya rufto kafin masu gyara su kai gare shi. Na iske Dakta ta shimfiɗa ledata a tebur, fuskarta cike da fara'a duk da asarar. Ta ce ba ta taɓa ganin makiyayi da irin wannan riƙon sanda a wani kabari ba, za ta yi rubutu a kai, kuma ni na ceto shi. A nan na faɗi gaskiya, cewa ni na ƙara sandar da ƙahonin. Ba ta yi faɗa ba, alƙalami ta miƙo mini.

"To, ɗana, nuna mini inda bango ya tsaya da inda kai ka fara."

Na ƙura wa ledar ido har hawaye suka zo. Tawada ɗaya, hannu ɗaya, na kasa rabewa. Dole aka ajiye shafin gaba ɗaya cikin abin da ba a dogara da shi, har da layukan gaskiya da na sha wahala a kansu.

Da na kira Baba na ce ai sana'ar gida na bi, sai ya katse ni: "Wa ak koya ma hakan ga? Mu in munka ishe gurbi ga littafin wani, gurbi muka bari, don na baya shi san nan an rasa."

Yanzu ina koyarwa a gida, kuma abin bai daina cina ba. Na gane cewa gwaninta ba ta ba mutum izinin gyara abin da aka ba shi amana. Masu kwafar tsofaffin littattafai da masu rubuta tarihin garuruwanmu, don Allah inda ba ku gani ba ku ce ba ku gani ba, ko da shafin zai yi muni. Shanun nan sun yi dubban shekaru a bango, ni ne mutum na ƙarshe da ya gan su da kyau, amma yau ko rantsar da ni aka yi ban san guda nawa ne ke da ƙaho ba.