Jeren Inna a Fuskar Kwamfuta

Innarmu ba ta yi boko ba, amma ita ce ta yanke hukuncin irin tsarin da za a sa wa kwamfutar gidanmu, bayan mu 'ya'yanta uku da muka yi lakwal, wato makarantar boko, mun kusa cinye junanmu a kan maganar.

Kwamfutar ta Baba ce. Tsohuwa ce, baƙa, ta ɗorawa a cinya, ya sayo ta a Damagaram bayan ya ajiye aikin malamin gona. Ya ce da ita zai rubuta tarihin lambunan rake na Dungu. Bai rubuta ko layi ɗaya ba, Allah ya jiƙansa. Abin da ya yi kawai shi ne tara hotunanmu da 'yan bidiyon suna da biki da Sallah.

Da ya rasu Inna ta shiga takaba. Matar da ba ta iya wuni ba ta zaga dangi ba, sai ga ta a ɗaki ta zuba wa bango ido. Ni ce ke kusa, ina koyarwa a firamare nan cikin Matameye, saboda haka kullum in na tashi daga aji sai na biyo. Shirunta ya tsorata ni fiye da kukanta. Wata rana da na rasa abin yi na buɗe kwamfutar, na kunna mata wani bidiyo da Baba yake tsaye cikin rake yana yi wa mai lambu faɗa a kan ban ruwa. Ta yi dariya, ta yi kuka, sannan ta ce in sake kunnawa. Washegari ta ce, “Ke, nuna min yadda ake yi. Ba zan zauna jiran ki tashi daga lakwal ba kafin in ga mijina.”

Matsalar ita ce komai yana cikin jakunkuna masu suna a rubuce, ita kuwa ba ta karanta boko. Sai na fiddo mata su fili a fuskar kwamfutar, kowanne da ɗan hotonsa, na koya mata riƙe abin nunin nan da take kira ɓera, ta danna, ta ja, ta saki. Ban san abin da na taro ba. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Inna ya san jeren kwanukanta, ya kuma san ba a taɓa shi. Ko murfi ka juya za ta gane. To haka ta mayar da fuskar kwamfutar nan.

Baba ne a sama, a tsakiya. Mu 'ya'ya muna ƙasa da shi, jikoki kuma kowa a ƙarƙashin uwarsa ko ubansa. Yayanmu, wanda ke aiki a Yamai, can ƙurya ta kai shi, inda ido ba ya faɗawa da wuri, saboda kunyar ɗan fari. Har yau ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce “na Yamai”. Autanmu, mai gyaran wayoyi da kwamfutoci a bakin tasha, yana dab da Baba, da 'ya'yansa reras a ƙasa. Ni ina hannun dama. A ƙarƙashin hotona ta bar fili, ba komai. Na yi shekara da shekaru da aure Allah bai ba ni haihuwa ba. Na ga filin tun ranar farko, na yi kamar ban gani ba.

Ko da ta fita takaba ba ta rabu da kwamfutar ba. Da hantsi, in ta gama abin da take yi, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta buɗe ta, ta gaida mutanenta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta neman taimakon kowa. Abin da ya dawo mana da ita ke nan.

Ranar sunan ɗiyar Auta ta uku abin ya lalace. Yaya ya zo daga Yamai, ya ce bari a nuna wa baƙi hotuna a babbar talabijin, ya jona kwamfutar da wata igiya. Da aka gama aka cire, sai jeren ya rushe. Komai ya taru a gefen hagu, layi-layi, bisa haruffan suna. Yaya ne na farko, ya yi ɗare-ɗare a sama. Baba ya faɗa tsakanin wata surukar gidan da hoton tunkiyar layya. Filin da ke ƙarƙashina ya toshe.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Wa ya shiga min ɗaki?” Ta rufe murfin, ta tura kwamfutar ƙarƙashin gado.

Na sake jera mata gwargwadon abin da na tuna, ta gyara sauran. Ba a jima ba kwamfutar ta yi wani sabunta kanta, ta mutu ta tashi, jeren ya sake watsewa. Dama ta tsufa, kafin ta buɗe kana iya dama fura ka sha. Wannan karon Inna ta ce a bar ta. Ta ce ba za ta riƙa kiran mutane kullum su nemo mata mijinta ba, ita ba yarinya ba ce. Ta koma zaman shirun nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kira Yaya a waya na wanke shi tas, duk da na san na biyun ba laifinsa ba ne.

A nan gardamar ta tashi. Yaya ya ce laifin tsarin ne, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya. Namu shi ne irin wanda ke kowane ofis, wanda kowa ya iya. Shi kuwa ya koma wani na daban, mai zuwa da tasa na'urar, siririya, fara, mai tsada.

“Wannan ba ya birus, ba ya nauyi,” in ji shi. “Zan aiko mata da tsohuwar tawa. Ku daina wahalar da tsohuwa da kayan ƙauye.”

Auta ya ce, “Yaya, in ta lalace wa zai gyara a Matameye? Ni ko sukurun buɗe ta ba ni da shi. A bar mata ordinatar Baba, in sa mata sistem na kyauta. Ba ya son babban inji, ba ya cinye forfe, kuɗin intanet, da mizajur, sabunta kan nan da ba a tambaye shi ba.”

Ni kuwa na kafe a kan tsohon. Da shi nake aikin lakwal, shi na iya, in wani abu ya faru ni za a kira, ba su ba. Na ce a goge shi a sake zuba shi sabo, shi ke nan. Kowa a cikinmu yana kare abin da hannunsa ya saba da shi ne, amma kowa yana rantsuwa don Inna yake yi. Da na gaji na ce to, a kawo mata duka ta gwada. Inna ta raɗa musu suna da kanta: na Malam, wato Baba, na Yamai, da mai tsuntsu, saboda wani tsuntsu mai tumbi da Auta ya nuna mata a matsayin alamar nasa.

Na Yamai ya fara isowa, a hannun wani direba. Gaskiya abin sha'awa ne. Kana ɗaga murfi ya buɗe, hotuna tar, fuskar Baba har furfurar gemunsa ana ƙirgawa. Batirinsa yana wuni, abin da ba ƙarami ba ne a garin da wuta ke zuwa in ta ga dama. Amma babu inda za a soka ɓeran Inna sai an nemo wani mahaɗi, kuma shafa ɗan faifan da ke jikinsa da yatsa ya ƙi mata, hannun da ya saba da taɓarya ne. Sabon abu in ya shigo ta dama yake fara zama, ita kuwa ta saba da hagu. Yaya ya kira ya ce in kunna wani abu mai tattara komai wuri guda, ta ga tsabta. Na kunna. Hotuna suka hau kan juna tsibi guda, bidiyo tsibi guda. Inna ta ce, “Ya ɗora min jikoki a kan kakansu? Kashe.” Na kashe, suka dawo, amma zuciyarta ta riga ta fita. Ƙari a kan haka tsoron na'urar take yi. Sai ta wanke hannu kafin ta taɓa, ta lulluɓe ta da sabon zane. Ta ce kayan mutane ne, a mayar wa mai shi kafin ta fasa.

Sai nawa. Auta ya kwashe komai a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya goge na Malam ya sake zubawa, yana yi yana min dariya. Injin ya ɗan yi sauri kwana biyu. Inna ta ji daɗin ganin fuskar da ta sani. Amma injin ya yi wa sabon zubin ƙanƙanta, fankarsa tana kuka, ga wasu saƙonni da ke faɗowa da Faransanci suna neman a danna e ko a'a. Duk wanda ya fito sai ta ɗauke hannu ta aika a kira ni. Na ga abin da muke gudu ya dawo. Ba a son raina ba na ce wa Auta ya kawo tsuntsunsa.

Na farkon da ya sa abin dariya ne. Fuskar fayau take, ba ta karɓar ajiyar komai, sai ka shiga wani wuri ka nemo. Auta yana ta yabon kyanta. Inna ta dube shi ta ce, “Auta, wannan ai ɗakin gwauro ne.” Na yi dariya har da hawaye, na rama. Ya sosa ƙeya ya ce mai tsuntsu iri-iri ne, akwai wani mai kama da na Malam. Ya tafi shago ya dawo da shi.

Wannan ya zauna. Ya buɗe da sauri a tsohon injin, fankar ta yi shiru, ɓeranta ya yi aiki. Auta ya ƙara girman hotunan saboda idonta, ya cire duk abin da ba ta buƙata, ya kuma kashe abin da ke jera kaya da kansa. Ba zan ɓoye aibinsa ba. Na'urar buga takardun da nake arowa a lakwal ta ƙi jituwa da shi sai da Auta ya yi wuni yana fama, kuma takardun da ake aiko min wani lokaci layukansu kan goce. In don aikina ne, har gobe na Malam zan zaɓa. In don kyau ne da hutu, kuma akwai mai gyara kusa, na Yamai ya fi. Inna tambaya ɗaya ta yi.

“In na ajiye abu, zan same shi inda na ajiye?”

Auta ya ce, “Za ki same shi, Inna.”

“Kashe ka kunna in gani.”

Ya kashe ya kunna. Ta sa ya sake. Ta sa ya jona da talabijin ya cire, ya nuna mata cewa ya adana tsarin jeren, ko ya motsa dannawa ɗaya ce zai koma. Sannan ta ce mu ba ta wuri.

Ta yi yammacin nan tana jere. Baba ya koma sama, Yaya ya koma ƙuryarsa. Jikokin sun ƙaru, hotunan kuma sun yi girma, wuri ya yi ƙaranci har wasu suna gogar juna. Duk da haka da na leƙa sai na ga filin nan a ƙarƙashina. Wannan karon ban iya yin shiru ba. Na ce, “Inna, ki cike wurin nan mana. Ga yara sun matsu. Ni na haƙura.”

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Jerenki ne ko nawa?”

Na fita tsakar gida na yi kukana, na wanke fuska, na tafi gida.

Bayan shekara da watanni aka yaye ɗiyar Auta, wadda a ranar sunanta jeren ya fara rushewa. Wata Juma'a da la'asar Inna ta aika in zo. Na tarar da Auta da matarsa a zaune, yarinyar a cinyar uwarta, ga ƙullin kayanta a gefe. Auta ya yi ta kame-kame, shi da bakinsa ba ya mutuwa a kan sistem. Matarsa ce ta yi ƙarfin hali ta dube ni ta ce, “Yaya, mun daɗe da yin shawara. Ga ɗiyarki nan, Allah ya raya miki ita.” Ta ɗora min ita a cinya. Yarinyar ta kama ɗan kunnena tana ja. Na rungume ta.

Inna ta jawo kwamfutar ta buɗe. Ba ta nemi kowa ya taimaka mata ba. Ta kama ɓeranta, ta danna hoton yarinyar a layin Auta, ta ja shi a hankali ya ratsa fuskar gaba ɗaya, ta sake shi a ƙarƙashin nawa. Ta ɗan gyara shi ya daidaita.

Sannan ta miƙa wa Auta ta ce, “Kashe ka kunna.”

Ya kashe ya kunna, muna zaune muna jira. Da fuskar ta haska, yarinyar tana nan inda aka ajiye ta.