Tangaran ɗin Baba a Petit Marché

Babanmu ya yi shekara talatin yana aikin sabis a wani otal na Turawa a unguwar Plateau, yana zuba wa mutane giya, shi kuwa ko ɗigo bai taɓa kaiwa bakinsa ba. Da ya ajiye aiki, mai otal ɗin ya ba shi ƴan farantan zuba tokar taba guda shida da buta ɗaya, duka na tangaran. Masu yin giyar koniyak a Faransa ne suke aiko su don talla. Kowanne da sunan kamfani da ruwan zinari, butar kuma da zanen inabi.

Bayan rasuwarsa, yayata ta kwashe su zuwa teburinta na kayan yaji a kasuwar Petit Marché. Ta zuba kanumfari a ɗaya, masoro a ɗaya, kimba a wani. Ni lokacin ina koyar da Faransanci a lakwal, wato makarantar boko, nakan biya wajenta ran Asabar.

Wata Asabar wani Alhaji mai shagon shinkafa kusa da ita ya ɗaga faranti ɗaya, ya karanta, ya ɓata rai.

"Hajiya, kin san abin da aka rubuta nan? Sunan giya ne fa."

Na buɗe baki zan yi bayani, ta ɗaga mini hannu.

"Na sani, Alhaji, ƙanena ya karanta mini tun tuni. Na babanmu ne. Da tiren otal ya ciyar da mu bakwai, ya kai mu lakwal, kuma salla ba ta taɓa wuce shi ba. A bayan kicin yake shimfiɗa buzunsa, har Turawan sun san lokacin, ba mai kiransa. In ka ga giya a cikin farantin nan, nuna mini."

Alhaji ya leƙa, ya shinshina. Kanumfari ne. Sai ya tambayi sunan Baba. Da ta faɗa, sai ya ajiye farantin a hankali, da hannu biyu.

"Dogon nan na Maraɗi? Ai a bayansa na yi sallar asuba shekara da shekaru."

Ya tsaya nan cikin rana ya yi wa Baba addu'a, mata masu sayayya suna amsawa da amin. Yayata ta share ido da gefen mayafi, ta juya ta tambayi ta gabanta cittar nawa za a auna mata.