Neman Safar da Za Ta Bar Ni In Yi Alwala

Umm Salal, ƙarfe 4:40 na asuba

Talata ce ranar hutuna, da na so in yi barci har hantsi babu mai tashina. Amma ina sallame Asuba na ɗauki leda da katin izinin zamana a ƙasar na fita bakin titi. An gaya mini safar roba ta masu ciwon ƙafa ba a gwada ta sai da sassafe, kafin ƙafa ta kumbura, tawa kuwa ba ta jiran rana ta yi nisa.

Bari in yi wa na gida bayani. Gadi nake yi a ƙofar wani sito, shida na safe zuwa shida na yamma, a tsaye. Shekara ta huɗu ke nan. Bara jijiyoyin sharaɓata suka fito suka kanannaɗe, da la'asar takalmi ya matse ni kamar na aro. Sau biyu mudir, wato mai zagayen duba mu, ya same ni zaune a kan bokitin fenti, sau biyu ya ba ni takardar gargaɗi. Ta uku tikitin jirgin komawa gida ce. 'Ya'yana biyar a Funtuwa, kuma ba na jin kunyar faɗa, tsoro ya kama ni.

Likitan ma'aikata ya rubuta mini safa, wani ɗan ɗakinmu ya sayo mini ba tare da awo ba. Rufaffiya ce har yatsu. Azahar, La'asar da Magariba duk a bakin aiki suke samuna, hutun minti goma goma. In tuɓe ta, in yi alwala, in mayar da ita kan jiƙaƙƙiyar ƙafa mai kumburi, kokawa ce sosai. Mutanen nan shafa suke yi a kan safa su wuce, ban ce sun yi kuskure ba. Ni dai tun ina yaro aka karantar da ni shafa sai a kan huffin fata, zuciyata ta ƙi natsuwa da wanin wannan. Kwana tara safar ta saki, na koma gidan jiya. Ita ce a cikin ledar.

Ƙarfe biyar saura kwata Fuseini ya iso. Mutumin Zangon Kumasi ne, yana kai kayan gona shagunan cikin gari a wata 'yar akori-kura.

“Alaji, yalla, hau. Kokwamba ba ya jira.”

Na hau, na kwantar da kujera, na ɗora ƙafafuna a kan gaban mota.

“Masta, wannan wane irin zama? Motana ba asibiti ba ne.”

“Yi haƙuri, yau ƙafar nan amarya ce, ba ta taka ƙasa.”

Ya yi dariya, muka kama titin Shamal. Kilomita ashirin da ɗoriya ne zuwa cikin Doha, amma sai da muka tsaya sauke kaya a shago biyu. Ban taya shi ba, kuma bai fasa mita ba. Shi ya san kantin safar da za ni, don ya taɓa kai mahaifiyar kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki. Ya ce, “Akwai wani mace a wurin, ya san aikinshi sosai.” Mutanen Zango ba su raba mace da namiji a magana, na daɗe da daina gyara masa.

Souq Waqif, ƙarfe 5:55

Kasuwa ba ta fara ci ba, sai masu shara da tsofaffin 'yan dako suna jera baro. Kantin yana bayan kasuwar, sai bakwai da rabi ake buɗewa. Na sayi shayin karak mai madara da capati, gurasar 'yan Indiya, na sami benci na miƙe, na ɗora ƙafa a kan hannun bencin. Ban yi minti biyar ba mai gadin wurin ya zo, wani ɗan Uganda. Ya ce ba a kwanciya a nan, ya nemi kati. Na ba shi, sannan na ɗage wando na nuna masa jijiyoyin. Ya duba, ya ɗage nasa. Nasa sun fi nawa. Sai ya nuna mini wani benci a lungu inda kyamara ba ta kaiwa.

Bakwai da rabi daidai na shiga. Matar 'yar Indiya ce, gajera, da awo a rataye a wuya kamar tela. Sista ake ce mata. Da Turancin gadi da Larabcin kasuwa muka yi magana. Na so a ce namiji ne zai taɓa mini ƙwauri, amma na tuna takarda biyun nan na ɗage wando.

Ta karanta takardar likita, ta tambaya ko roba tana sa ni ƙaiƙayi ko ƙuraje, don zaren safar da roba aka saƙa shi, akwai jikin da ba ya ɗauka. Na ce a'a. Ta auna saman idon sawu, santimita 24. Ta auna inda sharaɓa ta fi kauri, 39. Daga diddige zuwa ƙasan gwiwa, 42. Ta rubuta. Sai na fito da tsohuwar na ce mata wannan jabu ce, a ba ni ta ƙwarai.

Ta ja ta, ta sansana. “Basilin?”

“Ina da faso. Kuma yana sa ta shiga da sauri.”

“A ina kake shanya ta?”

“A rana, kan waya.”

“Ba jabu ba ce, Baba. Kai ka kashe ta.”

Raina ya ɓaci, don ba na son mace ƙarama ta yi mini faɗa da sassafe, amma gaskiyarta. Mu da muka tashi da shafa mai a ƙafa kullum, wa zai gaya mana mai yana cin roba? Ta ce in zan shafa, sai da dare bayan na tuɓe, da safe in wanke in goge ƙafar ta bushe. Wanki da hannu, da sabulu mara ƙarfi, da ruwan sanyi. Ta ja kunnena a kan famfon Doha, wanda da rana ruwansa ke fitowa kamar na shayi saboda tankin yana kan rufi: in tara a bokiti ya huce. Ba a matse safar, a naɗe ta a tawul a shanya a inuwa. In yanke farce, in goge fason da dutse kada ya ja zare.

Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na kwatanta mata alwala da hannu.

“Akwai mai buɗaɗɗen baki,” in ji ta. “Yatsu a waje. Ka naɗe ta ta wuce idon sawu, ka wanke, ka goge, ka mayar. Kada ka bar ta a naɗe ya wuce minti biyu.”

Ta duba, babu awona. Ta buga waya reshensu na Mu'aither, aka ce saura biyu, baƙaƙe. Na ce a ajiye mini duka.

Mu'aither, ƙarfe 9:40

Na shiga jirgin ƙasa na cikin gari a tashar Souq Waqif ƙarfe 8:35, riyal biyu, ban sauka ba sai tashar ƙarshe, Aziziyya. Daga nan ƙaramar bas. Na yi ɓatan kai na kusan minti ashirin, gidajen unguwar duk katanga ɗaya launi ɗaya. Kafin in sami kantin ƙafar ta fara nauyi. Na miƙa takardar awo, aka miƙo kwali biyu. Kuɗinsu ya yi mini zafi, ban tsaya ciniki ba.

Sista ta ce kada in sa ta kan kumburi, don haka na nufi wani ƙaramin masallaci a bayan kantin. Na kwanta a baranda, ƙafafu a jikin bango, minti ashirin da biyar da agogo. Sannan na bi yadda ta nuna mini: na juya safar ciki waje har diddige, na barbaɗa 'yar hoda, na zura ƙafa, na daidaita diddigen, na riƙa janta sama kaɗan kaɗan da tafin hannu, ba da farce ba. Ta tsaya yatsa biyu ƙasa da gwiwa, babu lanƙwasa. Ƙafar dama minti shida, ta hagu huɗu. Gumi ya jiƙa mini riga.

Aka kira Azahar 11:20. Na je wurin alwala ina tunanin in wannan bai yiwu ba, ban san abin da zan zaɓa gobe ba. Na kama bakin safar na ja baya. Ta yi gardama a diddige, sannan ta wuce. Na wanke har idon sawu, na goge da hankici, na mayar. Na duba agogo, ƙafa biyun minti uku. Wani dattijo Balarabe a gefena ya shafa tasa safar ya tsaya yana kallona. Ya ce, “Khalas?” wato an gama? Na ce, “Khalas.” Na yi sallar nan hankalina kwance, rabona da haka an kwana biyu.

Komawa Umm Salal

Na ci shinkafa da kaza a wani shagon 'yan Bangladesh, na ƙi hawa bas da gangan, na taka zuwa babban titi don in gwada ta. Jirgi, canji a Msheireb, wani jirgin zuwa arewa, sannan bas. La'asar a tasha na yi ta, alwalar ba ta ba ni wahala ba. Ƙarfe 4:50 na buɗe ƙofar ɗakinmu. Na tara ruwa a bokiti na ajiye ƙarƙashin gado. Bayan Isha na tuɓe safar, 'yan ɗaki suka zagaye ni suna tsiya wai na zama ɗan ƙwallo. Ni ƙafata nake kallo. Ƙashin idon sawuna ya fito sarai a wannan lokacin, abin da wata takwas ban gani ba.

Washegari mudir ya zo ƙarfe huɗu da minti goma, lokacin da ya saba kama ni. Motarsa ta tsaya, ya sauke gilashi, ya dube ni tsaye a bakin ƙofa. Takardar gargaɗin tana kan cinyarsa, na hango ta. Ya ɗaga gilashin ya wuce.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Fuseini, da Sista mai faɗa, da ɗan Ugandan da ban tambayi sunansa ba. A ranar na kira gida na ce wa uwar yara ta daina zullumi, ba wannan watan zan dawo ba.