Baƙon da ya sauka ranar da angona ya tafi

Jiya wani saƙo ya shigo wayata daga masu kallon tsuntsaye: an ga baƙon tsuntsun nan a tafkunan bakin teku, arewa da Doha. Ban buɗe hoton ba. Warin gishiri da laka ne ya taso mini har cikin ofis.

Ina 'yar shekara tara mahaifina ya ɗauko kakana daga ƙasarmu ya kawo shi wurinmu a Doha don a duba masa ido. Birnin bai karɓe shi ba. Mutumin fadama ne, ya saba da ruwan da ake shiga da ƙafa. Sai idan Oktoba ta kama, zafi ya sassauta, mahaifina ya kai mu tafkunan nan bayan la'asar, sannan fuskar kakana take sakewa.

A can ya ba ni labarin wani tsuntsu siriri mai dogayen ƙafafu ruwan ɗorawa, wanda ba kowace shekara yake sauka ba. Ya ce daga nan fadamarmu yake nufa.

"Amarya, ran da ya sauka tare za mu gan shi, mu bi shi gida."

"Da wace ƙafar, tsoho?"

"Ke za ki goya ni mana."

Na yarda da shi. Har 'yar jaka na haɗa na tura ƙarƙashin gado.

Wata Juma'a mahaifiyata ta ce baƙon ya sauka, mu yi gaba, su Baba za su biyo mu. Kakana yana zaune da sabuwar riga. Ya shafa kaina ya ce, "Je ki tsare mana shi, ina zuwa."

Na kuwa gan shi, yana taka ruwa a hankali kamar mai gudun ɓata lalle. Na ƙi ko ƙiftawa don kar ya tashi kafin angona ya iso. Jirage suna ta wucewa ta samanmu, ban ɗaga kai ba.

Ashe kakana yana cikin ɗaya daga cikinsu, za a mayar da shi gida. Haka manyanmu suke yi, ba sa sallama da yaro don kar ya yi kuka. Kowa a gidan ya sani sai ni. Damina ba ta zagayo ba ya rasu.

Yau an cike rabin tafkunan an yi gine-gine. Gobe zan kai 'yata ta ga baƙon, tun da sauran ruwa. Jibi ina da tafiyar aiki, kuma tun da safe na zaunar da ita na faɗa mata. Ta yi kukanta a jikina har ta gaji.