Jajayen Tsakuwa a Faifan Tsohuwata

Akwai wani kwazazzabo a bayan gonarmu, ta wajen Bunkure, inda ruwan damina ke zaizaye dutse ya bar jajayen tsakuwa kamar 'ya'yan rumman. Har da wasu masu duhu, masu siffar gicciye. Waɗannan maƙwabcina Kirista nake kai wa, in ce masa ga shi har dutse ya bi shi coci, ni kaɗai na rage. Masu karatu sun taɓa zuwa da guduma, suka faɗi sunayensu da Turanci. Ni da aji biyu ya kora, kafin in kai bakin kanal ɗin ban-ruwa sunayen sun zube. Na dai cika gwangwani da jajayen, ban san amfaninsu ba.

Sai yanar ido ta fara rufe ganin tsohuwata, uwar 'ya'yana. Tun aurenmu ita ke tsince shinkafar gidan nan, ba a taɓa tauna tsakuwa ba. Ranar da ɗanmu ya tauna ɗaya har ya dafe kunci, matarsa ta ce, "Inna, ki huta haka nan, ni zan riƙa tsincewa." Da ladabi ta faɗa. Amma tsohuwata ta kife faifai, ranar ko loma ba ta kai baki ba.

Washegari na roƙi surukar ta rufa mini asiri. Na shige rumfa na tsince shinkafar da kaina, gemu da komai, sannan na watsa jajayen nan a ciki. Ja a kan fari, ko mai yana zai gani.

Ta zauna a hantsi tana ɗauka ɗaya-ɗaya. "Kun gani? Da yanzu haƙoran wani sun tafi!" Mu kuwa muka yi ta salati.

Ana sati guda ta kira ni.

"Malam, injin wa ke casa mana shinkafa da tsakuwa mai santsi haka?"

"Wani sabo ne a Kura."

"Kuma kullum su ɗin dai? Har da mai ɓalli a gefe? Tun Talata yatsana ya gane ta."

Na sosa ƙeya.

"Kai dai ba ka girma. Tsintar taka ma ba ta da kyau, jiya farare biyu ka bari, da hannu na ji su." Ta ɗan matsa, ta buga tabarma. "Gobe kada ka taɓa mini shinkafa. Nan za ka zauna. In na ji da yatsa, kai ka duba mini."

Yanzu aikina ke nan kowace safiya. Ta ce ban iya ba tukuna, amma ba ta kore ni ba.